Farar tsutsar cikin gungume: ta wane ƙwaro ce, kuma yaya ake gane ta?

Tambayar da ta zo mini ita ce: "Malam, ni kafinta ne, ina zaune a unguwar Aboabo ta Kumasi, ina sayen katako a Sokoban. Makon jiya na tsaga wani guntun onyina da ya daɗe a ajiye da ɓawonsa, sai na tarar da fararen tsutsotsi masu kauri, wata ta kai tsawon yatsana. A wani ramin kuma na ga wani abu fari a kwance, ƙafafunsa a naɗe kamar mataccen ƙwaro, amma da na taɓa shi sai ya motsa gindi. Yaran shagona sun ce akokono ne. Mene ne gaskiyarsa, kuma zai shiga sauran katakona?"

Ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin komai ina roƙonka abu guda: idan guntun rimin nan, wanda Asante ke kira onyina, yana nan har yanzu, kada ka bari a kai shi murhu. Na yi shekaru ina tsaga gungume ina duba irin waɗannan halittu a dazuzzukan da ke kewaye da Kumasi, kuma abin da ya fi damuna shi ne a kawo mini tsutsa a cikin kwalba, in tambayi itacen da aka cire ta, a ce an dafa tuwo da shi. Rabin shaidar tsutsa a jikin itacenta yake.

Bisa yadda ka kwatanta, abin da ka gani 'ya'yan ƙwaro mai dogon ƙaho ne, dangin da masana ke kira Cerambycidae. Ka san uwayensu ko da ba ka san sunan ba. Su ne ƙwarin nan masu tsawon jiki da taurin baya da kan zo wa fitila da dare, musamman farkon damina, da zare biyu a goshi waɗanda wani lokaci sukan fi jikin tsawo. Ƙaho muke ce musu don sauƙi, amma da su ƙwaron yake shinshina da lalube. Da yawansu idan ka kama su sukan yi ƙara ƙiiƙ-ƙiiƙ, suna goga wuya da gadon baya. An rubuta irinsu sama da 35,000 a duniya. Macen takan sa ƙwai a tsagar ɓawo, ko ta ciji ɓawon ta yi wa ƙwan gurbi. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta fara ci a ƙarƙashin ɓawo inda abinci ya fi daɗi, sannan ta nutsa cikin itace. Tana iya yin watanni, wasu irin shekaru. Bayan nan ta yi wa kanta ɗaki ta kwanta ta rikiɗe. Wannan matakin kwanciyar shi masana ke kira fiyufa, ni kuma nakan ce masa ɗan kwanci, kuma shi ne abin da ya motsa maka gindi. Da ransa.

Yaranka ba su yi laifi ba da suka ce akokono, don fari ne kuma mai kitse. Amma kama da wane ba wane ba ce. Akokono ɗiyar gundar kwakwa ce, wani ƙwaro mai dogon baki, kuma gidanta cikin kwakwar manja da danginta, musamman wadda aka kayar aka tatsi bammi. Ba ta zama a rimi ko itacen katakon da ake kira wawa. Ka ɗora ta a tafin hannu za ka ga tsakiyarta ce ta fi kauri, kai da gindi sun tsuke, jikin ya ɗan lanƙwashe, kanta ja-ja a fili kamar an ɗora mata hula. Idan za ta rikiɗe kuma, saƙa wa kanta kwando take yi da zaren kwakwa.

Taka tsutsar fa, shimfiɗa ta a kan baƙin ƙyalle a wurin da akwai haske, ka bar ta ta natsu. Abu na farko, a miƙe take. Na biyu, inda ya fi kauri a jikinta shi ne gaɓar da ke bayan kai kai-tsaye, daga nan jikin yana ɗan sirancewa a hankali har gindi. Wannan gaɓar ta farko tana da wani faranti mai ɗan tauri a sama, sau da yawa da launin ruwan zuma. Na uku, kan nata a nutse yake cikin wannan gaɓar, kamar kunkuru ya ja wuya, abin da ke leƙowa kawai baƙaƙen muƙamuƙai ne guda biyu. Tana cizo da su idan ka sa yatsa, amma ba ta da dafi.

Sai alamar da na fi dogara da ita. Ka duba gadon bayanta da cikinta, za ka ga 'yan tozaye jere, ɗaya a kan kowace gaɓa, sama da ƙasa, a gaɓoɓi bakwai na farkon ciki. Waɗannan su ne suke yi mata aikin ƙafafu. A cikin rami takan kumbura su ta tokare bango sama da ƙasa, ta miƙa gaba, ta saki, ta jawo baya. Shi ya sa idan ka fito da ita fili sai ta yi ta juye-juye ba ta ci gaba, don babu bangon da za ta tokara. Ƙafafun ainihi kuwa, ko babu su sam, ko kuma guda shida ne ƙanana ƙwarai a ƙirji, sai ka ƙura ido. A gefen jiki za ka ga ɗige-ɗige masu launin ƙasa, babba ɗaya kusa da wuya, takwas a jere a ciki, kowane gefe. Ƙofofin numfashi ne.

Akwai huɗu da ake yawan rikita su da ita, kuma duk za ka iya haɗuwa da su a filin katako. Ta farko 'yar ƙwaro mai ƙyalli ce, irin masu sheƙi kamar an shafa musu kore ko tagulla. Ita ma fara ce marar ƙafa, amma gaɓar bayan kanta a baje take ƙwarai, sauran jikin siriri, sai ta yi kama da talibambam ko ƙusa mai faɗin kai. Raminta ma a baje yake, mai faɗi marar zurfi. Ta biyu gwazarma, wadda kowa ya sani a juji da ruɓaɓɓen kututture: a lanƙwashe take kamar lauje, da dogayen ƙafafu shida, da babban kai a waje, gindinta baƙi-baƙi saboda abin da ta ci. Ta uku tsutsar malam-buɗe-littafin dare, wadda wasu irinta ke huda itace mai rai, har da itacen koko. Juya ta ka duba ciki: bayan ƙafafu shida na ƙirji tana da wasu 'yan dungulmin ƙafafu a tsakiyar jiki da gindi, masu ƙananan ƙugiyoyi, kuma sau da yawa jikinta ba fari fat ba ne. Ta huɗu ita ce wadda ya kamata ta fi hana ka barci, ko da yake ita ce ƙarama: tsutsar ƙwarin da ke mayar da busasshen katako gari. Ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, a lanƙwashe, ramukanta ƙanana kamar an soka allura ko ƙaramar ƙusa, garin da ke zubowa kuma laushinsa kamar fulawa. Zan dawo kanta.

Idan ka tabbatar ta mai dogon ƙaho ce, kana iya matsawa gaba taki ɗaya da gilashin ƙara girma, irin mai ninka abu sau 10 da masu gyaran agogo da waya ke riƙewa. Dangin nan ya kasu gida-gida, kuma uku daga ciki su ne muka fi gani a nan. Gidan Lamiinae, wanda ya fi kowanne yawa, tsutsarsu ba ta da ƙafa, kuma idan ka matsa wuyan matacciya a hankali kan ya fito, za ka ga ya fi tsawo a kan faɗi, muƙamuƙin kuma bakinsa a karkace yake mai tsini. Gidan Cerambycinae kansu gajere ne mai faɗi, muƙamuƙinsu guntu, bakinsa a zagaye kamar bakin cokali, irin ƙarfen da masassaƙi ke rarake turmi da shi. Wanda ya taɓa ganin bambancin bakin nan biyu sau ɗaya ba ya sake mantawa, kuma kai kafinta za ka fi ɗalibin jami'a saurin kama shi, don ka san abin da kowane irin baki yake yi wa itace. Gidan Prioninae kuwa su ne ƙattin, waɗanda tsutsarsu kan kai kaurin babban yatsa, suna da ƙananan ƙafafu, da wani tudu mai kaifi a goshi bisa baki, kuma sun fi son kututturen da ya fara ruɓewa da saiwoyi.

Kada girma ya ruɗe ka. Ƙaramar tsutsa tana iya zama jaririyar ƙaton iri, babba kuma ta zama cikakkiyar matsakaici. Kuma gab da kwanciya tsutsa takan daina ci, ta gajarce, ta ƙara haske, har mutum ya zaci wata iri ce dabam.

Yanzu mu koma ga itacen, wanda na ce kada a ƙone. Ɗaga ɓawon a hankali ka ga zanen da ke ƙarƙashinsa. Ramin 'yar mai dogon ƙaho yakan fara siriri ya yi ta faɗi yayin da take girma, idan ka yanka shi a gicciye kuma zagaye ne ko siffar ƙwai. Abin da ta bari a baya tuƙa ce mai kaushi, garin itace haɗe da kashi, wani lokaci da dogayen zaruruwa kamar an kankare da wuƙa. Wasu irin sukan danƙare tuƙar a bayansu, wasu su huda 'yar taga su riƙa turo ta waje, sai ka ga tsibi a gindin gungume da safe. Ramin fita, wanda babban ƙwaro ya bi, zagaye ne ko siffar ƙwai, bakinsa tsaf. Idan dare ya yi tsit ka kanga kunne, kana iya jin cin nata, ƙurus-ƙurus.

Irin itacen da halin da yake ciki su ma magana suke yi. Manoman kashu na wajen Wenchi, Techiman da Sampa sun san wani baƙin ƙwaro mai ratsi uku ruwan lemo a baya, Analeptes trifasciata. Manyan sukan ciji reshe su kewaye shi kamar an sa zarto, abin da ke sama da yankan ya bushe, a nan tsutsar ke girma. Yana yi wa kuka da rimi haka nan. Don haka manomin da ya tsinci tsutsa marar ƙafa a cikin reshen kashu da aka yi wa irin wannan zobe, ya riga ya kusa da amsa, maganin kuma shi ne tattara rassan a ƙone kafin ƙwarin su fito. A gonar koko akwai na jinsin Tragocephala, masu kyawun launi, waɗanda macensu ke yi wa ɗanyen tsiro zobe ta sa ƙwai, tsutsar ta bi tsakiyar reshe tana gangarowa, tana barin ƙananan huda a jere inda take zubar da tuƙa. A itatuwan dangin ɓaure kuma akwai ƙaton nan Petrognatha gigas, wanda idan ya lafe a jikin itace sai ka rantse ɓawo ne. Ka ga ke nan tambaya uku ake fara yi: wane itace ne, da ransa ko a sare, kuma a wane sashe aka same ta, ƙarƙashin ɓawo, farin itacen waje, ko zuciya.

Ɗan kwanci ya fi tsutsa sauƙin ganewa, don siffar babban ƙwaro ta riga ta bayyana. Ƙafafunsa da fukafukansa a sake suke, an naɗe su a ƙirji amma ba a manne da jiki ba, kana iya ɗaga kowanne da tsinke. Wannan kaɗai ya raba shi da na malam-buɗe-littafi, wanda yake dunƙule ɗaya ne mai launin ƙasa, komai a like. Sai ka nemi ƙahon. Yana tashi daga goshi, ya bi gefen jiki ya yi baya ta saman ƙafafun gaba, sannan ya lanƙwaso ƙarƙashin ciki. A masu dogon ƙaho sosai har naɗe shi ake yi kamar gammo, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan ka ga wannan naɗin, magana ta ƙare. Na akokono a maimakon haka dogon baki za ka gani kwance a ƙirji. A bayan cikin ɗan kwancin naka akwai ƙananan ƙayoyi, da su yake tokara ya juya a ɗakinsa, motsin da ka gani ke nan.

Ɗakin ma abin kallo ne. Tsutsa takan faɗaɗa ƙarshen rami, ta toshe ƙofa da zaren itace kamar an cusa soso, ta kwanta kanta na fuskantar hanyar fita. Wasu irin har farar ƙasa suke fitarwa daga cikinsu su yi murfi da ita, ko su shafe ɗakin duka ya zama kamar ɓawon ƙwai. Launin ɗan kwanci yana faɗa maka saura kwana nawa: sabo fari ne fat, sai idanu su fara duhu, sai muƙamuƙai, sai faratan ƙafa da gaɓoɓi. Makonni kaɗan ne duka. Ko bayan ya zama ƙwaro yakan zauna a ɗakin wasu kwanaki jikinsa ya yi tauri kafin ya ci hanya ya fito.

Zuwa nan ido da gilashi sun kai ka dangi, sau da yawa har gida. Amma ainihin sunan iri, duk wanda ya kalli hoton tsutsa a waya ya yanke maka shi nan take, kada ka yi saurin amincewa da maganarsa. Tsutsotsin irin da manyansu ba su yi kama ko kaɗan ba suna iya zama kamar an tsaga kara, kuma yawancin ƙwarin Afirka an san babban ne kawai, ba a taɓa haɗa shi da tsutsarsa a rubuce ba. Babban littafin da ake komawa gare shi kan tsutsotsin wannan dangi a Afirka, wanda wani masanin ƙwari mai suna Duffy ya rubuta, gidan tarihin halittu na Landan ya buga shi tun 1957, shekarar da Gana ta sami 'yancin kai. Wannan yana ba ni takaici, kuma shi ya sa nake ɗaukar tambayar kafinta da muhimmanci: ku ne kuke tsaga itace kullum, abin da ke wucewa ta hannunku a wata guda mai bincike ba ya ganinsa a shekara.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce reno. Ɗauki guntun da ba ka tsaga ba wanda ke da tuƙa sabuwa, ka shafe bakin yankan biyu da narkakken kyandir don kada ya bushe da sauri, ka sa shi a bokiti ko akwati, ka rufe da ragar ƙarfe. Ragar sauro ta zare ba ta riƙe su, cinye ta suke yi. Ajiye a inuwa, ka ɗan yayyafa ruwa lokacin hunturu, ka riƙa leƙawa. Ɗan kwancin da ka riga ka fito da shi, mayar da shi raminsa ka haɗa ɓarin biyu ka ɗaure da roba, ko ka kwantar da shi a ƙaramin gwangwani kan takarda mai ɗan danshi, a cikin duhu, nesa da tururuwa. Kada ka yawaita taɓa shi, rauni kaɗan ke kashe shi. Ranar da ƙwaro ya fito, ka adana shi tare da fatar da ya tuɓe, don ita ce shaidar da ta haɗa shi da tsutsarsa.

Tsutsa ɗaya ko biyu kuma ka adana su tun yanzu. Tafasa ruwa, ka sauke, ka jefa ta ciki kamar minti ɗaya, sannan ka sa ta a sifirit mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, irin na kantin magani. Idan ka jefa ta sifirit da ranta ba ka yi haka ba, takan yi baƙi ta yamutse, tozayen da muke son gani su ɓace. Rubuta da fensir a guntun takarda, irin itace, wuri da kwanan wata, ka sa takardar a cikin kwalbar, don tawadar biro narkewa take yi. Cibiyar binciken gandun daji da ke Fumesua, kan hanyar Accra, da jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke Kumasi duk suna da masu nazarin ƙwari, kuma kwalba mai takarda tare da guntun itace ita ce irin abin da za su iya aiki da shi.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ta fi damunka. Hankalinka ya kwanta, amma ba duka ba. Mafi yawan masu dogon ƙaho ɓawo suke nema su sa ƙwai, a itacen da ke mutuwa ko wanda aka sare bai daɗe ba. Busasshen katako da aka fere aka goge ba ya jan su, sai 'yan iri kaɗan. Tsutsar da ke cikin gungumenka ba za ta fito ta rarrafa ta shiga wani katako ba. Haɗarin shi ne wadda ta riga ta shiga tun itacen yana ɗanye, zarto ya kuskure ta, ka yi gado ko kabad da ita a ciki. Tana iya ci gaba da ci a hankali, don bushewa tana jinkirta girmanta, sai bayan shekara ko fiye mai kaya ya ga rami da gari a ɗakinsa ya zo yana faɗa. Feshin magani a saman katako ba ya kai wa gare ta. Zafi ne ke kai wa. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita a 2002 don katakon ɗaurin kaya ita ce tsakiyar itacen ya kai digiri 56 a ma'aunin Salsiyas na tsawon minti 30, kuma irin wannan dangi na cikin dalilan kafa ta: a 1996 aka gano wani mai dogon ƙaho ɗan Asiya a birnin Niyok na Amurka, wanda ya shiga ta katakon ɗaurin kaya, aka yi ta sare dubban itatuwa saboda shi. Don haka katakon da ya bi ta tandun busarwa yadda ya kamata ya fi aminci, ko da ya fi tsada. Kuma ina roƙonka, kada ka sa ƙwayar hayaƙin nan da ake sa wa buhun masara a shago ko ɗakin da mutane ke kwana. Tana kashe mutum.

Abin da ke hannunka shi ne lokacin saye da ajiya. Duba gefen katako, duk inda ɓawo ya rage ka fere shi a ranar. Inda ka ga rami mai siffar ƙwai cushe da tuƙa, bi shi da waya ko ka yanke wurin ka jefar. Kada ka jingine gungume mai ɓawo kusa da sabon kaya, kada kuma ya kwanta a ƙasa damina ta wuce a kansa. Ɗora katako kan matashi, ka sa tsinke tsakanin kowane layi iska ta ratsa.

Waccan ƙaramar mai garin fulawa da na ce zan dawo kanta, ita ce mai sake shiga busasshen katako, zuriya bayan zuriya, kuma farin itace irin wawa da onyina abincinta ne. Gobe da safe kafin yara su yi shara, zagaya ƙarƙashin tarin katakonka ka murza garin da ka tarar tsakanin yatsu biyu. Idan da kaushi da zare-zare, na mai dogon ƙaho ne, ka nemo guntun da yake fitowa ka ware shi. Idan ya narke a yatsa kamar hoda, ka sake rubuto mini, ka faɗa mini irin katakon da tsawon zaman da ya yi a shagon.